Sharhi Kan Kamfanin da Ya Juye Mini Tsofaffin Finafinan Gida Zuwa Faifan DVD

Mahaifina ya bar mana naɗi 70 na fim ɗin Super 8, irin wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a shekarar 1965, kuma kowane naɗi tsawonsa mita 15 ne, wato abin da bai wuce minti uku da 'yan daƙiƙu ba idan aka sa shi a majigi. Da na buɗe akwatin na ji wasu suna tashin wari mai tsami, wanda alama ce ta cewa robar fim ɗin ta fara ruɓewa, sai na yi hanzarin kai su wani kamfani da ke juye irin waɗannan finafinai zuwa faifan DVD. Ma'aikatansu sun karɓe ni da mutunci, sun sa wa kowane naɗi lamba, sun liƙe wuraren da suka tsinke, kuma sun dawo mini da kayana cif a ranar da suka yi alkawari. Iyakar yabon da zan iya yi musu ke nan.

Abin da ya fara damuna da na kunna faifan shi ne yadda hasken hoton yake ƙyaftawa, yana ƙaruwa yana raguwa babu ƙaƙƙautawa, har idona ya fara ciwo kafin minti goma. Tsakiyar hoton ya yi fari fat, kusurwoyi huɗu kuwa sun yi duhu, kuma fuskar mahaifiyata, wadda saboda ita na ɗauki wannan ɗawainiya, ta narke cikin hasken har ba a rarrabe ido da hanci. Waɗannan alamomi sun nuna mini cewa majigi suka kunna suka haska a allo, sannan suka kafa kyamarar bidiyo suka ɗauka. Majigi yana datse haske sau da yawa a kowace daƙiƙa, kyamarar kuma tana ɗauka da nata lissafin na hoto 25 a daƙiƙa, don haka muddin ba a daidaita saurin su biyun ba, dole ne hasken ya riƙa rawa. Da na koma na tambaya, ma'aikacin bai musa ba, sai dai ya ce mini tsufan fim ne ya jawo mafi yawan matsalar.

Ban yarda da wannan bayani ba, domin na ɗaga fim ɗin a gaban fitila na duba shi da gilashin ƙara girma, na kuwa ga fuskar nan sarai, har da zanen da ke jikin rigarta. Yawancinsu Kodachrome ne, wani nau'in fim mai launi na Kodak, wanda aka san shi da riƙe launi shekaru masu yawa idan aka adana shi a wuri mai duhu da sanyi. Gaskiya ne akwai 'yan kaɗan na wani nau'in da suka koma ja-ja, amma ko su ɗin ana iya gyara launinsu a kwamfuta, kuma babu alamar an gwada.

Sai kuma maganar sauri. An ɗauki finafinan ne da hoto 18 a daƙiƙa, kamar yadda aka saba da Super 8 marar sauti, amma sun gudanar da majiginsu a kan 24, saboda haka kowa a cikin hoton yana tafiya kamar ana kora shi, kuma dattijon da na sani da natsuwa ya koma mai gaggawa. Wannan ya fi ƙyaftawar hasken ƙona mini rai, domin tafiyar mutum da yadda yake juya kansa suna cikin abin da ake tunawa da shi. Bugu da ƙari, sun miƙe hoton a faɗi don ya cika talabijin na zamani, alhali asalinsa huɗu ne bisa uku, wato faɗi kashi huɗu, tsayi kashi uku, sai mutane suka zama gajeru masu ƙiba.

Duk wannan sun cusa shi a faifai guda mai ɗaukar gigabait 4.7, kusan sa'o'i uku, alhali irin wannan faifan ba ya ɗaukar fiye da kimanin sa'o'i biyu ba tare da hoton ya raunana ba. Fim yana da ƙananan ɗigo-ɗigo kamar yashi waɗanda suke sauyawa a kowane hoto, matse su don bidiyon ya shiga faifai kuwa yana da wuya, shi ya sa duk inda aka yi motsi ko aka nuna ganyen bishiya sai hoton ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai. Akwai ma wani silin gashi da ya maƙale a gefen hoton tun daga naɗi na tara har na goma sha biyu.

Daga baya na kai naɗi uku wani wurin da ke amfani da na'urar da take ɗaukar kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, bayan an goge ƙurar da ke jikin fim ɗin, suka ba ni fayil ɗin a rumbun ajiya na kwamfuta. Hasken ya tsaya cak, launin ya dawo, tafiyar mutane ta daidaita, kuma na ga mahaifiyata tana murmushi a wurin da faifan farko ya nuna farin tabo kawai. Sauran naɗi 67 suna cikin akwati, kuma zan fara kai masu warin nan tun kafin su ƙanƙance.