Tashoshin gida suka kai ni ga dish, su ne kuma suka fara ɓacewa

Bari in fara da abin da ya sa na haɗa dish, don kada a ce ina kuka kan abin da ba a yi mini alkawarinsa ba. Ba fina-finai na je nema ba, ba kuma ƙwallo ba. Tashoshinmu na gida nake so, masu kawo labaran yanki da sanarwar hukuma da hasashen yanayi, domin mahaifina yana zaune tare da mu, kuma ba ya kwanciya sai ya ga labaran dare. Gidanmu a kwari yake, akwai tudu tsakaninmu da turken da ke watso shirye-shirye, don haka ƙaramar eriyar cikin ɗaki ba ta taɓa yi mana abin kirki ba. A takardar tallan kamfanin an jera tashoshin gida da tambarinsu ɓaro-ɓaro. Na sake tambayar wanda ya sayar mini da kayan, ya ce, "Malam, duk suna ciki, ko ɗaya ba za ka rasa ba."

Aikin haɗawa kam ba ni da ta cewa. Yaron da suka turo ya san aikinsa, kuma ba ya rowar bayani. Yana kan tsani yana ɗan karkata farantin yana gaya mini cewa tauraron ɗan'adam da yake nema yana can sama da layin ikweta da ya raba duniya biyu, nisan kilomita 35,786, yana zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa muke ganinsa kamar a tsaye yake wuri guda. Ya ce a irin wannan nisa, in farantin ya kauce da ɗan yatsa, to an rasa tauraron gaba ɗaya. Ya nuna mini layuka biyu da dikoda ke nunawa, ɗaya na ƙarfin sigina ɗaya na ingancinta, ya ce in rabu da na farko, na biyun shi ne mai magana. Ya naɗe mahaɗar waya da kyau don kada ruwa ya shiga, ya ɗaure kusoshi tamau. Da hoto ya fito, Baba ya gyara zama ya ce ashe haka fuskar mai karanta labaran nan take. Da a makonnin farko na rubuta wannan sharhi, da yabo kawai za ku karanta.

Abu na farko da ya fara sosa mini rai ƙarami ne. Tashoshin waje suna fitowa tar, na gida kuwa hotonsu dishi-dishi, in mutum ya motsa da sauri sai ka ga fuskarsa ta farfashe. Daga baya na fahimci dalili. Kowane tauraro yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, an raba shi gida-gida, kowane gida yawanci faɗin megahaz 36, kamfani kuma shi ke yanke yawan tashoshin da zai cusa a ciki. Tashar da ƙasashe da yawa ke kallo ana ba ta fili, tashar da yanki ɗaya ke kallo sai a matse ta. Ga kuma jinkiri. Shirin sai ya bar tashar, ya je cibiyar kamfani, a matse shi, a harba shi sama, ya sauko. Hawa da saukar kaɗai kusan kilomita 72,000 ne, wajen rubu'in daƙiƙa ke nan, matsewa da warwarewa kuma su ƙara nasu. In ana wasa kai tsaye, maƙwabcina mai eriya yakan riga mu ihu. Wannan duk na haɗiye, ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Wata rana da daddare Baba ya danna lambar tasharsa, babbar tashar yankinmu, wadda saboda ita aka yi duk wannan hidima, sai ga baƙin allo da rubutu cewa ba a samun wannan tasha a halin yanzu. Sauran tashoshi duk suna aiki. Na duba layin inganci, yana nan cike. Na ce wataƙila gyara suke yi, gobe ta dawo. Ba ta dawo ba.

Na kira layin kula da masu hulɗa. Bayan an gama shayar da ni kiɗan jira, wata ta ɗauka da ladabi ƙwarai, ta ce, "Ranka ya daɗe, ka cire wayar wuta ka ƙirga goma ka mayar." Na yi. Ta ce in zare katin in goge in mayar. Na yi. Ta ce in sa dikoda ta sake binciko tashoshi daga farko. Na yi, kuma wannan ya share duk jerin tashoshin da na tsara wa Baba a gaba don kada ya sha wahalar nema, abin da ba ta gargaɗe ni a kai ba. Da aka gama, tashar dai ba ta. Sai ta ce lallai farantina ne ya kauce, za su turo ma'aikaci amma ni zan biya kuɗin zuwansa. Na ce, "Baiwar Allah, in faranti ya kauce, yaya za a yi ya zaɓi tasha ɗaya tak ya ƙi kamawa, alhali waɗanda ke gefenta suna nan lafiya?" Ta yi shiru, ta ce za ta rubuta ƙorafina.

Kira na gaba wani ne ya ɗauka, muka sake komai daga cire wayar wuta, kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Shi kuma ya ce adireshin da ke kan rajistata ne matsalar, domin tashoshin gida ana buɗe su ne bisa yankin da mutum yake. Wannan bayani ba ƙarya ba ne a asali. Kamfanoni da yawa suna ɗaure tashoshin gida da adireshi, wasu ma suna harbo su ta siririn haske mai sauka kan yanki guda kawai, ta yadda za su iya amfani da mita ɗaya a wurare daban-daban. Amma ni ban tashi daga gidana ba, adireshin da ya karanto mini kuma shi ne nawa harafi da harafi. Ya ce to zai sake turo sigina zuwa katina, in jira minti kaɗan. Na jira har Baba ya gaji ya shige ɗaki.

Gaskiyar maganar ba daga bakin kamfanin na ji ta ba. A shafin tashar na gani, sun rubuta cewa yarjejeniyarsu da kamfanin ta ƙare kuma ba a daidaita kan kuɗi ba, suna roƙon masu kallo su kira kamfanin su matsa masa. Da na koma da wannan a hannu, sai ga wanda ya ɗauki wayar ya amsa nan take cewa e, haka ne, tashar ce ta nemi abin da ya wuce hankali, in kira su in matsa musu. Wato tun ranar farko sun sani. Sun sani lokacin da suke sa ni goge kati, sun sani lokacin da suke neman in biya kuɗin ma'aikaci ya zo ya gyara farantin da ba abin da ya same shi. Wannan ne ya ƙona mini rai fiye da rashin tashar kanta. Rigimar kasuwanci ba sabon abu ba ne, a Amurka ma tun dokar 1992 da ta ba tashoshi ikon neman a biya su kafin a ɗauki shirinsu ake irin wannan ja-in-ja, allo ya yi baƙi har sai wani ya sassauto. Ban ce kamfanin ne mai laifi a cinikin ba, ban san wa ya fi wani haɗama ba. Amma layi ɗaya a kan allon, mai cewa ana tattaunawa kan yarjejeniya, da ya hutar da ni, ya kuma hutar da ma'aikatansu daga yi mini wasa da hankali.

Kuɗin wata kuwa ko kwandala ba a rage ba. Da na yi maganar, sai aka ce a sharuɗɗan da na amince da su an rubuta cewa jerin tashoshi na iya canzawa ba tare da sanarwa ba. Na duba, yana nan, da ƙananan baƙaƙe can ƙasa. Cinikin biri a sama ke nan, tambari a gaban takarda, hanyar zamewa a bayanta. Don su lallashe ni suka buɗe mini wata tashar fina-finai kyauta na ɗan lokaci. Na gaya wa Baba, ya dube ni ya ce, "To a cikin fim ɗin za su faɗa mini ko an gyara gadar?"

A cikin wannan hali ne kuma aka yi wani ruwa mai ƙarfi, irin wanda kowa ke son jin ko akwai gargaɗin ambaliya da hanyoyin da aka rufe. Na ce bari mu leƙa ƙaramar tashar gida da ta rage. Hadari na gama haɗuwa hoto ya fara tsinkewa, murya ta riƙa sarƙewa, kafin ruwan ya kankama komai ya ɗauke. A nan dai ba zan ɗora wa kamfanin ba, haka abin yake. Ƙananan farantan gida suna kama siginar da ke tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, ɗigon ruwa kuma yana shanye irin wannan sigina yana warwatsa ta. Manyan farantan da, masu kama wajen gigahaz 4, ruwa bai cika damunsu ba, amma wa ke da filin kafa su yanzu. Hoton zamani kuma ba ya raguwa a hankali, ko dai yana nan garau ko babu shi. Har rana ma tana da nata, wajen watan Maris da Satumba takan daidaita da bayan tauraron, sigina ta ɗauke na 'yan mintuna da rana. Duk na yarda. Sai dai mai sayarwa bai ce uffan a kan ko ɗaya ba, kuma lokacin da mutum ya fi buƙatar tashar garinsu shi ne daidai lokacin da dish ke juya masa baya. Wanda ya sayi dish don fim, in ruwa ya ɗauke hoto sai ya jira. Ni labarin ruwan nake nema.

Yaron da ya haɗa mini farantin shi ya fitar da ni. Na kira shi a lambarsa, ya ce, "Yallaɓai, mu gwada eriyar waje a kan dogon ƙarfe, ba irin ta cikin ɗaki ba." Ban sa rai ba saboda tudun nan. Ya kafa ta a ƙololuwar rufi, ya sa mata ƙaramin abin ƙara ƙarfi, ya juya bakinta wajen turken. Talabijin ɗina ashe yana da na'urar kama tashoshin ƙasa da ake kira DVB-T2 a cikinsa, ba sai an sayi wani akwati ba. Sai ga tashar Baba, kyauta, hotonta ya ma fi wanda nake biya kyau, tunda ba a sake matse ta ba. Siginar ƙasa kuwa, ruwa bai cika taɓa ta ba. Ba duka ta kamo ba, akwai tashar da har yanzu sai ta dish, in iska ta yi ƙarfi kuma takan ɗan tsinke, amma labaran dare sun dawo gidan.

Nan ma sai da haushin kamfanin ya sake taso mini. Dikodarsu ba ta da wurin soka eriya, don haka yanzu rimot biyu ne, sai an sauya mashiga a talabijin kafin a tashi daga dish zuwa eriya. Ga dattijon da idonsa ya yi rauni wannan ba ƙaramin aiki ba ne. In ba na gida sai ya danna abin da ba shi ba, allo ya yi shuɗi, ya zauna jiran wani ya dawo. Na manna farar takarda a kan maɓallin, abin ya ɗan yi sauƙi.

To, in ce kada a saya? Ban ce ba. Hoton tashoshin waje yana da kyau, farantin bai taɓa kaucewa ba duk iskar da aka yi, kuma wanda ke zaune inda eriya ba ta kama komai ba shi da wata hanya. Taurari uku nake niyyar ba su, amma duk lokacin da na tuna an nemi in biya kuɗin gyaran abin da suka san lafiyarsa ƙalau, sai in ga biyu ma na yi musu alheri. Wanda tashoshin gida ne damuwarsa, ya fara gwada eriyar waje tukuna, ya kuma sa mai sayarwa ya kunna masa tashar da yake so da sunanta, ba ya nuna masa tambari a takarda ba.

Tashar ta dawo kan dish daga baya. Ba saƙo, ba ban haƙuri, ba ragin kuɗin lokacin da ba ta nan, kuma a wata lamba daban suka ajiye ta, sai da jikar Baba tana neman tashar yara ta ci karo da ita.