Sharhi a kan littafin yara mai suna Matilda

Littafin Matilda na Roald Dahl, wanda kamfanin Jonathan Cape ya fara bugawa a Landan a shekarar 1988 tare da zane-zanen Quentin Blake, ya cancanci a saya wa duk yaron da ya yi wa tsaransa fintinkau a aji har ya fara jin nauyin ɗaga hannu idan an yi tambaya.

Labarin wata yarinya ce a wani ƙauyen Ingila, wadda ta koya wa kanta karatu tun tana 'yar shekara 3, alhali mahaifinta, dillalin tsofaffin motoci da ke zuba dusar katako a giyar mota don ya cuci masu saye, bai ga amfanin littafi ba a gidan da ke da talabijin. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda marubucin ya fahimci ainihin bukatar irin wannan yarinya. A ranarta ta farko a makaranta, malamarta Miss Honey ta tambaye ta sha huɗu sau sha tara, ta ba da amsa nan take cewa 266 ne, kuma malamar ba ta tsaya ga yabo ba, sai ta nemi a ƙara mata aji. Da shugabar makarantar ta ƙi, sai Miss Honey ta samo wa Matilda littattafan manyan azuzuwa ta riƙa karantawa a kujerarta, a tsakiyar 'yan ajinsu. Har ikon motsa abubuwa da ido da Matilda ta samu ya gushe bayan an kai ta babban aji, saboda ƙwaƙwalwarta ta sami aikin da ya yi daidai da ita.

Ta fuskar abota kuwa, littafin ya gaza kaɗan. An nuna cewa yara suna son Matilda domin ba ta alfahari da iliminta, wanda darasi ne mai kyau, amma ƙawarta Lavender ba ta sami fili sosai ba in ban da inda ta saka wata 'yar halitta mai kama da ƙadangare a tulun ruwan shugabar makaranta. Na so a ce an nuna su sun saɓa sun kuma shirya, domin a nan ne yara masu baiwa suka fi shan wahala.

Ya kamata iyaye su karanta shi tare da yaransu, saboda ramuwar da Matilda take yi wa mahaifinta, kamar shafa masa gam a hula, tana bukatar bayani daga babba. A kuma duba bugun kafin a saya, domin a shekarar 2023 kamfanin Puffin ya sauya wasu kalmomi a littattafan Dahl, kuma bayan suka ta yi yawa aka ci gaba da buga na asali tare da sabon.