Yini guda a ƙauyukan Cotswolds: wurin ya biya, motar ce ta yi mana rowar lokaci

Baba ya zo Ingila bikin kammala karatuna, amma kwana uku a Landan suka gundure shi. Da safe yana shan shayi ya ce, "Wai mutanen nan ba su da ƙauye ne? Ina suke noma?" A ranar na shiga intanet na biya mana kujera biyu a wata ƙaramar motar 'yan yawon buɗe ido da ke kai mutane yankin Cotswolds ta dawo da su a yini ɗaya.

Motar ba laifi, tsaf-tsaf, kuma ta tashi a kan lokaci. Direban shi ne ɗan jagora, ya kuma san aikinsa. A tafiyar kusan awa biyu ya yi mana bayanin cewa arzikin yankin daga gashin tumaki ya samo asali, ulun da aka riƙa sayar wa 'yan kasuwar Turai ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Da kuɗinsa aka gina manyan coci-coci da gidajen nan na dutse mai ruwan zuma. Ni ina fassara, Baba yana gyaɗa kai.

Bibury muka fara sauka, a bakin kogin Coln. Abin da kowa ke zuwa gani shi ne Arlington Row, jerin 'yan gidaje masu rufin dutse da aka gina a 1380 don ajiyar ulu, a ƙarni na 17 aka mayar da su gidajen masaƙa. Fadamar da ke gabansu nan ake shanya yadi bayan an wanke, Baba ya ce kamar dai filin shanya na marina. Har yau akwai masu zama a gidajen, kuma a nan ransa ya ɗan ɓaci. Wata mata ta manna fuskarta da gilashin tagar wani gida tana leƙe, wani kuma ya jingina da ƙofar mutane ana ɗaukarsa hoto. Baba ya yi tsaki ya ce, "Ko sallama babu?" Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, haka suke fama kullum."

Minti arba'in kacal aka ba mu. Akwai gonar kifi a tsallaken titi da aka kafa tun 1902, Baba na son shiga ya ga yadda suke kiwo, sai ga direba yana ɗaga mana hannu. A tallar da na karanta kafin in biya an rubuta cewa za a sami isasshen lokaci a kowane zango. Wannan kam an yi mana ƙarin gishiri.

Bourton-on-the-Water ta fi girma, ta kuma fi cika, sai ka ce ranar kasuwa. Kogin Windrush ya ratsa tsakiyar gari, ruwan garai-garai bai kai gwiwa ba, ga 'yan gadojin dutse gajeru, yara na wasa da agwagi. Akwai wani lambu da aka buɗe a 1937 inda aka sassaƙa garin kansa da dutse, kowane gini kashi ɗaya bisa tara na ainihinsa. Mun leƙa, ya ba mu dariya, amma minti ashirin ya isa.

Ɗan uwa Musulmi, ka shirya kafin ka zo. Ban ga masallaci ba, ban ga inda ake sayar da naman halal ba. Kifi da soyayyen dankali muka ci, shi ma sai da na tambaya ko akwai giya a ƙullun da ake tsoma kifin, da irin man da ake suya da shi, don wasu da kitsen dabba suke yi. Da gorar ruwa muka yi alwala, muka shimfiɗa rigar sanyi a kan ciyawa muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru. Ba wanda ya ce mana kanzil.

Abin da ya fanshi kuɗina ba ya ma cikin tsarin tafiyar. Maimakon zagayen shaguna, muka kama hanyar ƙafa zuwa Lower Slaughter, tafiyar kamar rabin awa. Hanyar ta bi ta cikin makiyayar mutane, kuma doka ce ta ba kowa damar wucewa muddin bai kauce daga turbar ba. Baba ya kasa yarda. "Gonar wani, ka ratsa, ba rigima?" Ya tsaya a jikin wata katanga ta duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, ya sa hannu ya girgiza, ko gezau. Sannan ya daɗe yana ƙare wa tumakin kallo, jibga-jibga, gashi ya rufe su ruf, an guntule musu wutsiya. Daga ƙarshe ya ce, "Ƙiba kam akwai. Amma anya wannan zai yi layya?"

Shi ƙauyen shiru kake ji, sai ƙarar rafin Eye da tsohon injin niƙa na ƙarni na 19 mai ƙafar da ruwa ke juyawa. Mai jin Turanci kada sunan ya tsorata shi, ba mayanka ba ce, tsohuwar kalma ce mai nufin wuri mai taɓo. Takalman Baba sun shaida hakan. Da sassarfa muka koma, muka tarar direba ya ɗaure fuska kamar hadari.

Stow-on-the-Wold, tsohuwar kasuwar tumaki, kusan ta taga muka gan ta.

A tauraro biyar, uku zan ba kamfanin. Da zan sake, jirgin ƙasa zan hau daga tashar Paddington zuwa Moreton-in-Marsh, kimanin awa ɗaya da rabi, in shiga bas zuwa Bourton in kwana, in fita da sassafe kafin motocin baƙi su iso. A duba jadawalin bas ɗin tukuna, don da yamma ba sa yawa.

A hanyar dawowa Baba ya miƙo mini wayarsa in tura wa Hajiya hotuna. Na duba, babu Arlington Row ko ɗaya, daga katanga sai tumaki.