Cefane a Jos: Kafin ka taya, tambayi daga ina kayan suka taso

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, duk abin da zai shiga tukunya akwai kuɗin mota a cikin farashinsa. Shi ya sa kafin in taya kaya nakan ce wa mai shi, "Baba, wannan na ina ne?" Daga amsarsa nake gane tafiyar da kayan suka sha, da kwanakin da za su iya yi a gidana.

Mu mutanen Jos Allah ya huwace mana abin da wasu ke saye da tsada. Dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake fitowa. Kabeji, karas, latas da koren wake duk sanyin ƙasarmu ne ke ba da su, kuma daga nan ake lodinsu zuwa Abuja da Legas. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga ɗan Jos ya shiga babban kanti ya sayi karas a leda da ninkin kuɗinsa, alhali ga kasuwar kayan gwari ta Farin Gada.

Amma Farin Gada ba ta kowa ba ce a kowace rana. Idan miyar yau kaɗai za ki yi, uwargida, mai tebur na unguwa ya fi miki, domin kuɗin keke zuwa da dawowa zai cinye rangwamen. Ribar kasuwar tana ga mai sayen kwando. Ku haɗa kuɗi gida uku ko huɗu, mutum ɗaya ya yi sammako, a dawo a raba. Kar a biya sai an juye kwandon an ga na ƙasa, don masu kyau a sama ake jera su. Tumatirin rani ya fi tauri da araha. Lokacinsa ne na yankawa a shanya, a ajiye wa damina, sa'ad da yake tsada kuma ga ruwa. Ni na fi yarda da busasshen da na shanya da hannuna a kan na leda, wanda yawancin markaɗensa daga Sin ake shigo da shi. In dole ta sa, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Dankali kuwa, wanda fatarsa ke saluɓewa da ɗan yatsa sabon haƙa ne, yana da daɗi amma ba ya ajiyuwa. Wanda ya yi kore a bar shi.

Hatsi sai kasuwar Katako. A nan ne gardamar shinkafa take: 'yar gida ko 'yar waje? Ta waje daga Tailan ko Indiya take tasowa, ta yi makonni a teku, ta zauna a ma'ajiya, ba wanda zai gaya maka shekarar da aka girbe ta. Bayan rufe iyakoki a watan Agusta 2019 injinan gyaran shinkafa sun yawaita a Arewa, matsalar tsakuwa ta ragu ƙwarai. Har akan zuba 'yar gida a buhun 'yar waje a ƙara kuɗi, ka ga buhu ka saya ke nan. Ni 'yar gida nake ɗauka, in fara da mudu ɗaya, in dafa, in ta yi in koma. Wake a shinshina shi, in yana warin magani a wuce. Kuma a kalli gindin mudun, kar a auna maka da bugagge.

Man fetur ba shi da na gida a Filato. Tanka ce ke hawo da shi daga kudu, ko na matatar Dangote da ke Lekki, wadda ta fara fitar da fetur a watan Satumba 2024, ko wanda aka shigo da shi ta ruwa. Asalinsa ma yana da tasiri: a watan Fabrairu 2022 gurɓataccen man da aka kawo daga Beljiyam ya lalata injinan mutane. Zaɓinka a nan tsakanin gidan mai ne da 'yan bumburutu. Na galan yana fitar da mutum kunya cikin dare, amma ya fi tsada, kuma na taɓa biyan kuɗin wanke kafireta a dalilinsa. A gidan mai ka tabbata mita ta koma sifili kafin a fara zubawa. Inda ka ga 'yan keke da direbobin haya na yawan tsayawa, galibi litarsu cikakkiya ce.

Wajen girki, gas ya fi kananzir auki da tsabta, muddin an auna tukunyar a gabanka kafin a cika da bayan an cika. Gawayi na da sauƙin saye kaɗan-kaɗan, sai dai kowane buhu bishiya ce aka sare a daji. Kuma da sanyin Disamba, don Allah kar a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.