Hitsink ko fanka: wanne ya fi wa tsohon katin sauti amfani?

Wani ɗan uwa ya ce ya samu katin sauti Sound Blaster AWE32 ya saka a tsohuwar kwamfutarsa Pentium, bayan wasan kamar awa ɗaya ya buɗe kes ya taɓa katin yaji zafi, wai shin ya manna wa aisin (IC, wato baƙaƙen cif ɗin da ke kan katin) ƙarfen nan mai haƙora da ake cewa hitsink ne ko kuwa fanka zai sa. Toh ɗan uwa, ni a ganina fanka ce, hitsink ɗin wuri ɗaya ko biyu kawai yake da aiki a katin, kuma ba inda kake shirin manna shi ba.

Fara da gane abin da ke zafin. AWE32 ya fito 1994, dogon kati ne sosai, wajen inci 14, kuma ido yakan fara sauka kan manyan aisin nan masu ƙafafu ta ko'ina kamar EMU8000, sai mutum ya ɗauka su ne matsalar tunda su suka fi girma. Su ɗumi kawai suke yi. Irin waɗannan aisi an yi su ne su yi aiki a iska mai zafi har digiri 70, kuma Creative, kamfanin da ya yi katin, haka ta sayar da su tsirara ba ƙarfe ba fanka, haka Gravis ta yi da Ultrasound ɗinta na 1992, kai har Sound Blaster Live! na 1998 aisinsa EMU10K1 ba komai a kansa. Yatsa kuma ba ma'auni bane, digiri 50 ma zaka ji kamar abu zai ƙone alhali shi aisin ko a jikinsa.

Masu zafin gaske ƙanana ne, suna can ɓangaren da ake soka wayar sifika. Na farko regileta, duba lambobi irin 7805 ko 78L05 ko 7905. Aikinsa ya karɓi 12V ya sauke ta zuwa 5V mai tsafta saboda sauti kar ya yi ƙara, kuma bolt 7 ɗin da ya rage ba inda yake kai su, zafi yake mayar da su. A ce katin na jan miliam 100 ta nan, kaga wat 0.7 kenan, kuma regileta mai bayan ƙarfe irin 7805 in ba komai a jikinsa kowane wat ɗaya yana ɗaga shi kamar digiri 50 zuwa 65 sama da iskar da ke kewaye da shi. Na biyu amfilifaya, a katunan lokacin yawanci TEA2025B ne ko TDA1517, shi ke tura sifikun da ba su da wutar kansu.

Yanzu ɗauki hitsink. Alherinsa shi ne shiru, ba ƙara, ba waya, ba abin da zai lalace, kuma a kan 7805 mai bayan ƙarfe da ramin noti yana aiki ƙwarai, ɗan ƙarami ma ya isa. Amma shikenan fa. A kan 78L05 ba wajen kama shi, ɗan mitsitsi ne kamar tiransista. A kan amfilifaya amfaninsa kaɗan ne, domin TEA2025B zafinsa ta ƙafafun tsakiya yake bi ya shiga tagullar allon katin, in ka manna ƙarfe a bayan robarsa ka tare ƙofar da ba ita zafin ya fi bi ba. Sannan hitsink baya kashe zafi, miƙa wa iska yake yi, in iskar cikin kes a tsaye take toh ƙarfen zai yi zafi shi ma su zauna tare. Ga kuma haɗarin da ya fi damuna, mutane na manna shi da supagulu ko gam mai ƙarfi, ranar da aka zo cirewa sai ya taho da ƙafafun aisin, kuma EMU8000 ba abu bane da zaka shiga kasuwa ka ce a baka sabo, an daina yin sa tuntuni. In dole sai ka manna, nemi tef ɗin nan mai gam gaba da baya da aka yi don zafi, shi yana ɓantaruwa lafiya, kuma ka tabbata ƙarfen bai taɓa ƙafar komai ba. Lura ma, bayan 7805 gurawun ne, wato ba wuta a jikinsa, amma bayan 7905 wuta ce a jikinsa, kar ka haɗa su a ƙarfe ɗaya.

Fanka ita kuma kowa take yi wa aiki lokaci guda, regileta, amfilifaya, aisi, RAM ɗin da ke kan katin, da abin da ya fi su duka buƙata wato kafasitoci. Nan ne maganar take wallahi. Ƙananan gwangwanayen nan ruwa ne a cikinsu kuma zafi ke busar da shi, yawancinsu an rubuta 85 a jiki, ma'ana kamar awa 2000 a digiri 85, kuma ƙa'idar da masu yin su ke bayarwa ita ce duk digiri 10 da ka sauke rayuwarsu ta ninka. Yi lissafin da kanka, a 55 awa 16000, a 45 awa 32000. Wato fankar da ta rage digiri 10 kacal a cikin kes ta ninka maka kwanan kafasita, abin da hitsink ba zai taɓa yi ba tunda ba a manna wa kafasita ƙarfe. Kuma ka tuna waɗannan sun haura shekara 30, sun riga sun ci rabonsu, in kaji sauti ya fara shaƙewa ko bes ya gudu ko gefe ɗaya ya yi ƙasa, su zaka fara zargi, a canza su da masu 105.

Aibin fanka? Ƙara, ƙura, sai kuma wani lokaci motarta na saka ɗan zuuu a cikin sauti in ta matse ɓangaren sifika da yawa ko wayarta ta bi ta kan katin. Duk suna da magani. Sa mai milimita 80 ko 92, kar ka sa 'yan ƙananan nan masu ihu, ka bata 5V daga jar waya da baƙa na filogin da ke kai wa had dis wuta maimakon rawaya mai 12V, in ta ƙi tashi a 5 ka gwada wata, ka ɗaure ta daga gefe tana hura tsakanin katunan da ɗan tazara. Iska kaɗan ake nema ba guguwa ba. Ƙurar kuwa mu nan mun san halinta, in hunturu ya shigo sai ka riƙa buɗewa kana bi da burushi mai laushi, don ƙura in ta kwanta bargo ce.

Kuma yanayin wurinmu na ƙara wa fanka maki. Kes ɗin zamanin 486 da Pentium na farko da yawansu fanka ɗaya ce ke fitar da iska, ta cikin akwatin wuta, an yi su da tunanin ofis mai sanyi. Ɗakin da ke Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana iya kai 40, cikin kes ya fi haka, sai ka ɗora 35 zuwa 45 na regiletan can a kai, kaga ya doshi 90. Bai kai iyakarsa ta 125 ba, ba zai mutu ba, amma kafasitan da ke maƙwabtaka da shi yana gasuwa a banza.

Akwai abubuwa biyu da ba sai ka kashe ko sisi ba ma. Ɗaya, in sifikunka masu wutar kansu ne soka su a ramin Line Out ba Spk Out ba, amfilifayan ya huta, sautin ma ya fi fita tas. Biyu, duba maƙwabcin katin. A kes na tsaye katin ISA irin AWE32 fuskarsa sama take kallo, na PCI kuma ƙasa, don haka in ka sa katin hoto mai zafi irin Voodoo a ramin da ke dab da shi sun zama fuska da fuska kenan suna hura wa juna. Matsar da AWE32 ɗin can ramin ƙarshe na ƙasa ka bar rami ɗaya ko biyu fayau a tsakani. In kuma ka ɗora masa ƙaramin katin MIDI irin Yamaha DB50XG a kan fil 26 ɗin nan, tsakaninsu ba wajen da hitsink zai shiga ma, iska ce kawai ke iya ratsawa, sai ka karkata fankar ta riƙa bi ta wannan tsagin.