Gargaɗi ga masu gyaran tsofaffin motocin gudu na Japan: kada ku tura kuɗin inji a kan hoto

'Yan'uwa masu riƙe da Silvia, Supra, RX-7, Skyline ko AE86, akwai wata damfara da ke yawo a zaurukan Facebook da WhatsApp na masu wannan sha'awa, kuma mutanen da take cinyewa ba sakarkaru ba ne. Yawancinsu sun san inji, sun san hannun da ake riƙe sifana da shi. Abin da ke kai su ƙasa shi ne gajiya da nema. Mutum ya daɗe motarsa na kan jak, injinta ya buga, ya zagaya bai samu ba, sai ya rubuta a zaure cewa yana neman SR20DET, injin Silvia, ko 2JZ-GTE, injin Supra, mai lafiya. Wannan rubutun nasa shi ne abin da ɗan damfarar ke jira.

Ba a fili yake amsawa ba. Wani ne zai fara shigo maka ta saƙon sirri, ya ce ai shi ma ya taɓa neman irin wannan inji, wani bawan Allah ya haɗa shi da dillali mai amana a Japan, ga lambarsa. Mai ba da shaidar da dillalin mutum ɗaya ne, ko kuma abokan cin mushe. Kana tuntuɓar dillalin zai turo maka hotuna masu kyau: inji a kan katako, an wanke shi tas, ga giyabos, ga wayoyi, ga ƙwaƙwalwar motar, komai a haɗe. Hotunan na gaske ne, sai dai ba nasa ba ne. Daga shafin wani kamfani na gaskiya ya kwaso su, ko daga tsohuwar tallar da aka daɗe da sayar da kayanta. Farashin ba zai faɗi ƙasa warwas har ka yi zargi ba, zai ɗan sauka ne kawai yadda ranka zai biya. Sai ya ce kwantena za ta rufe cikin kwana biyu, kuma akwai wani da ke son injin, don haka ka ba da kafin alƙalami a rubuta sunanka.

Da ka tura, labari ya sauya. Yau kuɗin inshora ne, gobe kwastan sun riƙe kaya a tashar jirgin ruwa, jibi kuɗin ajiya na taruwa kuma idan ba a biya ba za a yi gwanjon injin. Zai turo maka takardar lodin jirgi da aka gyara a kwamfuta, da adireshin wani shafin bibiyar kaya wanda shi da kansa ya ƙirƙira. Kowane sabon biya ƙarami ne idan aka gwada shi da abin da ka riga ka zuba, shi ya sa mutum ke ci gaba da turawa har ranar da lambar ta daina shiga.

Dalilin da ya sa wannan kasuwa ta zama wurin kiwon 'yan damfara a bayyane yake. A shekarar 2002 aka daina ƙera Silvia S15, da Supra A80, da RX-7 FD3S, da Skyline GT-R R34, duk a shekara ɗaya, sakamakon tsaurara dokar hayaƙi a Japan. AE86 kuwa tun 1987 aka rufe babinta. Ba a ƙara ko ɗaya a kansu ba, kuma masu wasan zamiya da masu tsere sun ƙone da yawa. Ga kuma dokar Amurka da ke barin a shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarta ba idan ta cika shekara 25. Skyline R32 ta fara cika sharaɗin a 2014, GT-R R34 da S15 kuma a 2024. Masu saye suka ƙaru, kaya suka yi ƙaranci, farashi ya tashi. Duk wanda ya ce maka yana da tarin waɗannan injuna a araha, kuma a shirye yake ya ba ka ɗaya yau, ka tambayi kanka me ya hana masu layi a gabanka ɗauka.

Akwai wata tatsuniya da suke jingina da ita, wadda har masu sayarwa na gaskiya ke maimaitawa saboda tana sayar da kaya: wai doka a Japan ta tilasta a cire inji ko a jefar da mota idan ta kai kilomita 50,000 ko 60,000. Babu wannan doka. Abin da ke akwai shi ne binciken lafiyar mota da ake kira shaken, wanda sabuwar mota ke yi bayan shekara uku, daga nan kuma duk bayan shekara biyu. Yana da tsada, harajin mota ma yana ƙaruwa idan ta haura shekara 13, shi ya sa wasu ke rabuwa da motocinsu da wuri. Amma wannan bai mai da injin da aka ƙera a 1995 ya zama ɗan kilomita 50,000 ba. Inji ba ya ɗauke da mita a jikinsa. Da zarar an raba shi da motarsa, adadin tafiyarsa ya koma maganar baki. Ko a jikin motar ma mitar ba hujja ba ce ita kaɗai, domin motocin kasuwar cikin gida ta Japan na wancan zamani agogon gudunsu a 180 yake tsayawa, kuma masu su da yawa sun sauya allon mitar gaba ɗaya da mai nuna 300 ko fiye. Sauya allo kuwa aikin 'yan kusoshi ne.

Wanda ya gudu da kuɗi aƙalla ka san matsayinka da shi. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai turo kaya, amma ba abin da aka yi ciniki a kansa ba, domin shi yana da bakin cewa ai ya cika alkawari. A nan sanin injin ne kawai zai cece ka.

Mu ɗauki 2JZ. Iri biyu ne: GTE mai turbo biyu, da GE marar turbo. Tushensu na ƙarfe kusan ɗaya ne, amma cikinsu ya bambanta. Matsin GTE 8.5 ne, na GE kuwa 10 ko ɗan sama da haka, kuma GTE na da bututun da ke fesa mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, abin da GE ba shi da shi. A hoto ma ana ganewa: bututun shigar iska na GE yana ƙetarawa ta saman murfin inji, na GTE kuwa a gefensa yake tsayawa, kuma tsohon GE yana da distiributa alhali tsohon GTE kwayil ne a kan kowane fulogi. Ana ɗaura wa GE turbo ya yi aiki, mutane da yawa na yi da saninsu, kuma babu laifi a ciki. Laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan GTE a kuɗin GTE. Ko ainihin GTE ne ma, ka tambayi daga wace mota aka ciro shi. Da yawan waɗanda ke kasuwa daga Toyota Aristo suke, wadda giyarta mai sarrafa kanta ce, kuma kaskon manta na ƙasan inji a gaba yake, na Supra kuwa a baya. Idan aka ce maka injin Supra ne mai giya shida ta Getrag V160 amma hoto ya nuna kasko a gaba, maganar ta riga ta karye.

Haka abin yake a Nissan. S15 Spec R ita ce mai turbo da giya shida, Spec S kuwa SR20DE ce marar turbo. Skyline mai lambar shasi HCR32 ba GT-R ba ce komai faɗin fuka-fukan da aka liƙa mata, GT-R ɗin wannan zubi BNR32 ce, kuma injinta RB26DETT.

RX-7 ita ce ta fi buƙatar taka-tsantsan. Injinta 13B-REW ba fistin gare shi ba, rota biyu ne masu fuska uku-uku, kuma lafiyarsa ta dogara ne a kan siraran ƙarafan da ke toshe iska a kusurwoyin rotar. Idan ɗaya ya guntule, injin zai iya tashi da sanyin safiya ya yi ƙara mai daɗi a bidiyo, amma ya ƙi tashi bayan ya ɗau zafi. Awon matsinsa lamba shida yake bayarwa, ɗaya ga kowace fuska, tare da saurin juyawar da aka auna a kai. Mai sayarwar da ya ba ka lamba biyu kawai ya ce lafiya lau, ko bai san injin ba, ko yana fatan kai ba ka sani ba.

To me za ka nema kafin sisinka ya fita? Abin da ba a iya kwafowa daga intanet. Ka ce ya kira ka ta bidiyo kai tsaye yana tsaye a gaban injin. Ka zaɓi wata kalma a take, ka ce ya rubuta ta a takarda ya ɗora a kan murfin. Ya goge wurin da aka buga lambar inji a jikin tushen ya nuna maka, ya buɗe murfin mai ya haska ciki ka ga ko baƙin dauɗa ya daskare, ya kwance fulogi ka ga launinsu, ya taɓa sandar turbo ka ga ko tana wasa. Sannan a yi awon matsi kana kallo, silinda bayan silinda. Abin dubawa shi ne lambobin su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kamar kashi goma cikin ɗari. Idan ya ce injin a ƙasa yake ba za a iya juya shi ba, akwai awon yoyon iska da ake yi da kwampireso, wanda ba ya buƙatar a tada inji. Mai kaya a hannu wannan aikin rabin sa'a ne a wurinsa. Marar kaya kuwa nan take kyamararsa za ta lalace, ko ya ce ma'ajiyar na wani gari, ko ya nuna ya ji haushi ka raina amanarsa. Bar shi ya ji haushin. Cinikin biri a sama ba a yin sa a kan inji.

Idan mota ce sukutum, ko rabin mota na gaba da ake yankowa da injinta, ka nemi lambar shasi da takardun. Motocin cikin gida na Japan ba su da lambar nan mai harafi 17 da aka saba gani a wasu ƙasashe, tasu gajeriya ce, tana farawa da lambar zubin motar. Takardar fitar da mota daga Japan tana ɗauke da abin da mita ta nuna a binciken shaken na baya, tare da kwanan wata. Idan takarda ta nuna kilomita 140,000 shekarun baya, yau kuma mita na nuna 70,000, ba ka buƙatar ƙarin bayani. Takardar gwanjo, irin ta USS da sauran kamfanonin gwanjo, tana da maki da alamomi: R ko RA na nufin motar ta taɓa yin haɗari an gyara ƙashinta, XX na nufin an sauya wannan ɓangaren bodin, S da C tsatsa ce da rubewa, alamar tauraro kusa da adadin kilomita kuma na nufin an taɓa mitar. Ana shafe waɗannan alamomi a kwamfuta cikin minti kaɗan, don haka kada ka dogara da hoton da mai sayarwa ya ba ka, ko fassarar da shi ya yi maka. Ka ɗauki lambar shasin ka nemo asalin takardar ta wata hanya da ba ta bi ta hannunsa ba.

Shi kansa kamfanin ana iya bincikarsa. Kowane kamfani mai rajista a Japan yana da lamba mai alƙaluma 13 da ake dubawa kyauta a shafin hukumar harajin ƙasar, kuma mai cinikin tsofaffin motoci dole ya mallaki lasisin dillancin kayan hannu. Ɓarayin sun san haka, shi ya sa sukan ari sunan kamfani na gaskiya su sauya harafi ɗaya a adireshin imel. Ka nemo lambar wayar kamfanin da kanka ka kira. Inda asirinsu ya fi tonuwa shi ne asusun banki: kamfani a Japan, amma asusu da sunan wani mutum a wata ƙasa daban. Haka idan aka matsa maka ka biya ta Western Union, ko kuɗin kirifto, ko katin kyauta, ko zaɓin "abokai da dangi" na PayPal wai don a kauce wa caji. Duk waɗannan hanyoyi an zaɓe su ne saboda kuɗin da ya bi ta cikinsu da wuya ya dawo. Zaɓin biyan kaya na PayPal yana ba da kwana 180 na shigar da ƙorafi, katin bashi ma yana da hanyar janye biya. Ɗan cajin da za ka ƙara a kai ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙananan kaya ma ba su tsira ba, kuma a nan maganar ta wuce kuɗi. Jabun fulogin NGK, jabun wilin TE37, jabun kujerar Bride da bel ɗin Takata sun cika kasuwa. Ainihin TE37 matsa ƙarfensa ake yi, jabun kuwa zubi ne, yana iya tsagewa a ramin da na ainihi zai lanƙwashe kawai. Bel ɗin jabu kuwa ba ka sanin halinsa sai ranar da ka buƙace shi. Kafin ka bi wani baƙo saboda ya ce kayan sun ɓace daga duniya, ka fara dubawa ko kamfanin ya dawo da ƙera su, domin Nismo, sashen motocin gudu na Nissan, ta soma sake fitar da kayan R32 a 2017, Toyota ta bi baya da na Supra a 2020, sannan na AE86 a 2021, Mazda ma ta dawo da wasu kayan RX-7.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko sisi, komai barazanar da aka yi masa cewa zai rasa na farkon. Ya sanar da bankinsa a ranar, domin damar tsayar da kuɗi tana raguwa da kowace sa'a. Ya adana saƙonni, da lambar asusu, da hotunan da aka turo masa kafin a goge su, ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya kuma faɗa wa masu kula da zauren don a cire ɗan damfarar da mai ba da shaidar daga zauren. Idan an yi amfani da sunan wani kamfani na gaskiya, shi ma a sanar da shi. Bayan 'yan kwanaki mai yiwuwa wani ya ɓullo ya ce shi ƙwararre ne a ƙwato kuɗin waɗanda aka damfara, a ba shi wani abu ya fara aiki. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da sabon suna, ko kuma sun sayar da lambarka ga wasu. Shi ma kada a tura masa komai.