Gargaɗi: An sayar mini da tsohuwar firinta a cikin sabon kwali a kan naira 215,000

Naira 215,000 na tura wa wani mai tallar firinta a Facebook da hannuna, babu wanda ya tilasta mini, kuma yau kwana goma sha ɗaya ke nan firintar tana kan teburin falo an lulluɓe ta da tsohon zanen uwargida, domin da zarar an kunna ta sai fitilunta su kama ƙiftawa, ta ƙi jan ko da takarda ɗaya. Na daɗe ina shawarar ko in yi shiru saboda kunya, amma na ga har jiya tallarsa tana nan a Facebook da hoton kwalaye jere, don haka shirun ba shi da amfani.

Ina so a fahimci cewa ban shiga wannan ciniki da ka ba. 'Ya'yana uku ne suke karatu. Babbar tana ajin ƙarshe a Jami'ar Bayero tana rubuta furojet mai cike da taswirori masu launi, na biyun yana shirin WAEC da JAMB, ƙaramar kuma kusan kowane mako sai makarantarsu ta ce a bugo hoton wani abu a manna a littafi. A shagon buga takardu na unguwarmu naira 200 ake karɓa a kan shafi ɗaya mai launi, kuma duk gyaran da malamin da ke duba furojet ya yi sai an sake bugawa. Na zauna na yi lissafi, na yi tambaya wajen waɗanda suka sani. Na gane cewa firinta mai katirij tana da arhar saye amma tawadarta ce take cinye mutum, ita kuma mai aiki da hoda, wadda ake kira lesa, tana jan wutar da ƙaramar inbatar gidana ba za ta ɗauka ba saboda sai ta yi zafi kafin ta buga. Abin da ya dace da gida irin nawa shi ne mai tankin tawada, wadda ake ɗura wa launi huɗu daga kwalba, baƙi da shuɗi da ja da rawaya, kuma ba ta cin wutar da ta wuce ta ƙwan fitila. Na tsayar da zuciyata a kan Epson L3250 saboda tana bugawa, tana kwafi, tana sikanin, yara kuma za su iya turo mata aiki daga waya. Zaɓin nan har gobe ban ga laifinsa ba. Kuskuren ba a wajen zaɓar injin yake ba, a wajen mutumin yake.

A wani shago da na shiga a Titin Beirut an ce mini naira 290,000, da rasit da garanti. Shi kuwa mai tallar Facebook ɗin ya ce 230,000, muka daidaita a 215,000. Bambancin naira 75,000 ne, kuɗin makarantar ƙaramar na zango guda, kuma duk mai iyali ya san abin da nake nufi. Ya ce kai tsaye daga Legas yake sarowa, ba ya biyan hayar shago, shi ya sa kayansa suke da sauƙi. Na ce ba zan tura ko kwabo ba sai na ga kaya da idona. Ya ce, “Baba, ai haka ya kamata, ni ma ban son kuɗinka sai ka ga tana aiki.” Wannan maganar ce ta kwance ni.

Ya zo ranar Talata bayan la'asar a adaidaita sahu, ko Laraba ce, domin ranar ce aka ɗauke wuta tun safe muka kunna inbata. Ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida uwargida, har ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa ya ce yana azumin nafila, wanda ke nan Alhamis ce ma ba Talata ba. Ya yanke salatif ɗin kwalin a gabana da makullin gida, ya fito da ita a cikin leda, tana ƙyalli. Sai na lura cewa tankunan nan huɗu cike suke da tawada. Na tambaye shi, wallahi na tambaye shi, na ce yaya aka yi sabuwar firinta ta zo da tawada a ciki? Ya yi murmushi ya ce, “Baba, ni na ɗura maka tun a gida don kada in ɓata maka lokaci, kuma kada yara su zubar wajen ɗurawa.” Ni kuma na ce Allah ya yi albarka. Na yi wa mutumin da yake cutata addu'a a cikin falona, a gaban iyalina.

Wannan wurin nake ta maimaitawa a raina dare da rana. Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin sito, aikina shi ne karɓar kaya, in duba lamba, in gwada ta da takarda, in ƙi sa hannu idan ba su dace ba. Na ga tankuna a cike, na yi tambaya, aka ba ni amsa, na karɓa. Daga baya mai gyara ya bayyana mini cewa sabuwar irin wannan firinta da tankunanta a bushe take zuwa, kwalaben tawada suna gefe a like cikin ledarsu, da ƙananan salatif na kariya manne a jikinta ciki da waje, kuma kunnawar farko sai ta ɗauki kusan minti goma tana jan tawada zuwa kan bugawa, wato ɓangaren da ke fesa tawada a takarda, kafin ta iya buga komai. Tawa kuwa ana kunna ta sai ta buga nan take, mu kuma muna murna wai tana da sauri. Hoton fure ya turo daga wayarsa, ya fito da kyau, babbar 'yata ta ce, “Abba, ta yi.” A nan na tura naira 215,000, ya nuna mini alat ya shiga, ya ce rasit da katin garanti zai kawo gobe saboda ya manta su a wata jakar.

Kwana uku ta yi tana aiki. A na huɗu rawaya ya fara tsinkewa, taswirar yarinyar ta fito da layuka farare, kore ya koma shuɗi. Na kira shi, ya ce in yi ta danna wanke kan bugawa har sai ta gyaru, na yi kusan sau takwas. Ashe kowane wanki yana tura tawada ne zuwa wani soso da ke ƙasan injin, injin kuma yana ƙirga yawan abin da soson ya sha, idan ya kai iyaka sai ya tsaya cak. Shawararsa ce ta ƙarasa ta. Na manta ban faɗa ba, tun kafin wannan, a rana ta biyu, uwargida ta ga ɗigon baƙar tawada a kan ledar tebur ta nuna mini, na ce mata ai sabon abu haka yake yi. Ba ta ce komai ba, kuma har yau ba ta tuna mini ba, wanda ya fi mini ciwo a kan ta yi magana.

Mai gyaran da na kai wa, yaro ne matashi, bai yi minti biyar ba ya juya ta ya nuna mini lambar da ke manne a bayanta, sannan ya nuna mini ta jikin kwali. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Ya ciro soson, baƙi ƙirin, yana ɗiga. Ya haɗa ta da kwamfutarsa ya ce ta buga shafi fiye da 31,000, wataƙila daga wani shagon buga takardu ta fito aka goge ta da mai aka sa a kwalin wata. Tawadar ciki ma ya ce ba ta asali ba ce, ta jarka ce, kuma kan ya riga ya toshe, canza shi zai kusan kai rabin kuɗin sabuwa. Ya ce, “Baba, ai da ka sa an buga maka takardar gwajin kai a gabanka, a jikinta ake ganin adadin shafukan da injin ya taɓa bugawa.” Shafi 31,000, ni kuma na biya naira 215,000 a matsayin sabuwa dal.

Tun daga ranar lambar wayar wanda ya sayar mini ɗaya a kashe take, ɗayar kuma idan ta shiga sai a katse. Sunan da ke kan asusun da na tura wa kuɗi ba shi ne sunan da ya gaya mini ba, na gani tun a lokacin, ya ce na ƙaninsa ne, wannan ma na wuce shi. Ina da hotunan hirarmu ta WhatsApp gaba ɗaya, da shaidar tura kuɗi, da hoton lambobin nan biyu gefe da gefe, zan saka su da zarar ɗana ya taya ni rufe lambobin waya, domin ina shirin kai ƙorafi ga 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, kuma ba na son a ce na ɓata shari'ar da kaina.

Wanda zai saya wa yaransa firinta ya je shago mai ƙofa, ya gwada lambar kwali da ta injin, ya ƙi karɓar wadda aka riga aka ɗura wa tawada, kada kuma ya biya sai rasit yana hannunsa.

Shekaranjiya yarinyar ta koma shagon unguwa ta buga babi na huɗu, shafi 34 masu launi, na ba ta naira 6,800 daga kuɗin cefane. Da ta dawo ta wuce ta gaban teburin ba ta ko kalli wajen ba, ƙaramar kuwa ta ɗaga zanen ta leƙa ta ce, “Abba, yaushe mutumin zai kawo rasit ɗin?”